Ƙuduri da Ƙauracewa: Nazari a kan Gwagwarmayar Greta Thunberg

Al'adar Turawa ce idan watan Janairu ya kama mutum ya ɗaukar wa kansa alkawarin barin wani hali, kamar shan taba ko almubazzaranci. A 'yan shekarun nan matasa sun shigo da wani abu cikin wannan al'ada, watau alkawarin daina sayen wasu kayayyaki domin nuna rashin amincewa da masu yin su. Wannan ɗan nazari zai duba ko irin wannan alkawari ya cancanci a kira shi ƙauracewa, tare da kafa hujja da Greta Thunberg, 'yar ƙasar Suwidin.

Ya kamata mu fara da kalmomin kansu. Asalin ƙudura shi ne ɗaure abu a bakin zane, saboda haka mai ƙuduri shi kaɗai ya san abin da ya ƙulle, kuma shi zai kwance shi ran da ya ga dama. Ƙaurace kuwa daga ƙaura ta fito, kuma galibi tana tafiya da "wa": sun ƙaurace wa kasuwa, ta ƙaurace masa. Ke nan nahawu ma ya nemi a ambaci wanda aka juya wa baya. Mafi kusa da ita a al'adarmu shi ne yaji. Matar da ta yi yaji ta san wanda ya ɓata mata, ta san abin da take son a gyara, sa'an nan tana jiran biko.

Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita sunan mutum ce, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a gundumar Mayo ta Ailan. A 1880 ya nemi korar manoman haya, sai jama'a suka ƙi yi masa aiki, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya, har wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo 'yan ƙodago 50 daga nesa, sojoji na gadinsu, kafin a girbe gonar, kuma kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin sau da yawa. A Disamba na shekarar ya bar Ailan.

To, ina Greta ta faɗa? An haife ta ran 3 ga Janairu, 2003. Ran 20 ga Agusta, 2018, tana da shekara 15, ta ƙi zuwa makaranta, ta zauna a ƙofar majalisar dokoki a Sitokhom tana neman gwamnati ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya bisa yarjejeniyar Faris ta 2015. Wannan yaji ne sosai, domin akwai wanda ake tuhuma, akwai kuma bukata. Amma ban da shi, ta daina cin nama, ta daina hawa jirgin sama, kuma a Janairu 2021, lokacin da ta cika shekara 18, ta shaida wa wata jaridar Ingila cewa ta daina sayen sababbin tufafi. A ganina waɗannan ƙuduri ne. Babu wani kamfani guda da aka ambata, babu sharaɗin da in an cika shi za ta koma kanti. Wa zai zo biko?

Ba ina nufin aikin banza ba ne. Amfaninsa shi ne ya ba maganarta nauyi, don ba mai iya ce mata tana hana abin da take yi. A Agusta 2019 ta ƙetare tekun Atalantika daga Plymouth zuwa New York cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, tafiyar mako biyu. Duk da haka masu suka ba su rasa abin faɗa ba, tun da wasu ma'aikatan jirgin ta sama suka je Amurka domin su komo da shi. Wannan ita ce matsalar mai ƙuduri: idon jama'a yakan bar abin da yake yaƙa ya koma kan tsarkinsa shi kansa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙoƙarin da wata 'yar Suwidin, Maja Rosén, da maƙwabciyarta suka yi a 2018 na mayar da ƙuduri ƙauracewa. Sun nemi mutane su sa hannu cewa ba za su hau jirgin sama ba a duk shekarar 2019, da sharaɗin alkawarin zai hau kan kowa idan masu sa hannu sun kai 100,000. Dabarar a fili take: mutum yakan karya ƙudurinsa ne idan ya ga shi kaɗai ke wahala. Ƙanwata ta taɓa ƙudura barin lemon kwalba, ba ta kai ƙarshen Janairu ba, don duk gidan ana sha a gabanta. Masu sa hannun ba su kai adadin da aka nema ba, ko kusa.

Amma a 2019 fasinjoji a filayen jiragen sama na gwamnatin Suwidin sun ragu da kashi 4 cikin ɗari, masu tafiyar cikin gida kuwa da kashi 9. Har kalma ta bazu a harshensu, flygskam, watau kunyar hawa jirgin sama. Sai dai mai nazari ya yi hattara kada ya ba Greta ladan duka, domin a Afrilu 2018 gwamnati ta sa sabon haraji a kan tafiyar jirgin sama, kuma darajar kuɗin ƙasar ta yi ƙasa a wannan lokaci. Shekarar 2020 ce ya kamata ta raba gardama, sai annobar korona ta zo ta tsayar da jiragen duniya kusan baki ɗaya, wanda ya yi alkawari da wanda bai yi ba duk suka zauna a gida.