DARASIN LAFIYA: ABINCIN DARE DA KAYAN KAKA

 

Kaka ta shigo. Duk wanda ya leƙa kasuwa a Kafin Hausa ko Haɗejiya zai ga kabewa jibge, ga yakuwa, ga sabon wake da gyaɗa da riɗi da dankalin Hausa da kankana. Ruwa ya fara ja a fadama, kifi ya samu. Amma a gidaje da yawa abincin dare bai canza ba: taliya da mai da yaji jiya, yau ma haka. Kuɗi na fita, jiki bai samu abin da yake buƙata ba.

*1. Kabewa a Sunna*

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, sai Anas ya ga yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa. Tun daga ranar Anas bai daina son ta ba.

Likitoci kuma sun ce launin nan ruwan ɗorawa na cikinta jiki yana mayar da shi bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki, musamman ga yara. Sai dai yana buƙatar ɗan maiƙo kafin hanji ya tsotse shi. Ka ga hikimar iyayenmu da suke haɗa kabewa da gyaɗa a miyar taushe.

*2. Miyar taushe ta gida mai mutum 6 zuwa 7*

Tumatur yana tsada yanzu, sai kayan noman rani sun fito zai sauko. Taushe kuwa ba ta neman tumatur da yawa.

• Ki tafasa nama ko ƙashi da albasa da daddawa.
• Ki fere rabin kabewa matsakaiciya, ki zuba ta dahu, ki dame ta.
• Ki sa jajjagen tattasai da attaruhu.
• Ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwani 1 ki zuba, ta yi minti 10.
• Alayyahu da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe. Minti 5 ya isa, ki sauke.

Kada ki sa kanwa don ganye ya yi laushi, tana lalata wasu bitamin ɗin.

*3. Sauran darare*

• Faten wake da alayyahu da ɗan manja.
• Farfesun tarwaɗa da citta da tafarnuwa, a ci da dafaffen dankali.
• Dambu da zogale mai yawa.
• Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a matsa lemon tsami. Lemon yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake, wanda jini ke buƙata. Shayi kuma yana rage shi, don haka a jinkirta shayi kamar awa 1 bayan abinci, musamman mai ciki.

*4. Kayan zaƙi bayan abinci*

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) yana cin kankana da ɗanyen dabino. Maimakon lemon kwalba, maigida ka riƙo kankana ɗaya, a yanka wa kowa, a haɗa da dabino 2 ko 3. Ko kindirmo da yankakken dabino ba tare da sukari ba. Ko a soya riɗi sama-sama a haɗa da zuma kaɗan.

Mai ciwon suga ya ci kaɗan, ya bi abin da likitansa ya tsara masa. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma ko kaɗan, tana iya sa masa cuta mai haɗari.

*5. Hattara da waɗannan*

• Ganye da kayan lambu a wanke da ruwa mai tsafta sau 2 ko 3, balle wanda za a ci ɗanye. Amai da gudawa ta nan suke shigowa.
• Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a tsince a zubar. Gubarta hanta take taɓawa, kuma dahuwa ba ta kashe ta.
• Wake ko busasshen kifi mai warin maganin ƙwari, a bar shi ko da araha ne.
• Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi 1. Dunƙulen magi ma gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa, musamman gidan da ke da mai hawan jini.

*6. Lokaci da ƙima*

A yi ƙoƙari a ci tsakanin Magariba da Isha'i, a bar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Yana rage ƙwannafi. Kuma a tuna hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da ke cikin Tirmizi, na kasa ciki uku: abinci, abin sha, da numfashi.

Maigida, cefane amana ce a wuyanka. Gobe in ka fita, fara da kabewa ɗaya da ɗaurin ganye biyu.

Wannan darasi ba ya maye gurbin asibiti, mara lafiya ya je a duba shi. Allah Ya sa albarka a abin da Ya hore mana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa don su amfana.