Shawara ga Ɗalibai Kan Lissafin Da'ira

Ɗaliban sakandare na Birnin Kebbi da Argungu, musamman masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kada ku fara darasin da'ira da haddar ƙa'idoji. Ku fara da awo.

Ku samo faifai ko murfin tukunya, ku zagaya bakinsa da zare, ku auna tsawon zaren. Sannan ku auna faɗinsa ta tsakiya. Idan kuka raba na farko da na biyu, amsar za ta kusanci 3.14, ko 22/7. Wannan shi ne pai, kuma bakin rijiya ma haka zai ba ku.

Daga nan sai kusurwoyi. Ku zana da'ira da kamfas, ku tabbatar da abu uku da hannunku. Kusurwar tsakiya ta ninka ta gefe sau biyu idan baka ɗaya ya ɗauke su. Kusurwar gefe da ke cikin rabin da'ira digiri 90 ce. A siffa mai gefe huɗu da kusurwoyinta ke kan da'ira, kusurwoyi biyu masu fuskantar juna suna haɗa digiri 180.

Ku riƙa gwada tambayoyin shekarun baya, kuna rubuta dalilin kowane mataki, domin masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da aka bi.