"Wallahi Ban Gan Shi Ba": Shawara ga Masu Babur a Fagge da Sabon Gari

Duk inda mota ta buge mai babur a garin nan, kafin jama'a su gama taruwa za ka ji direba yana rantsuwa: "Wallahi ban gan shi ba." 'Yan kallo kuma su ce ƙarya yake, mutum sukutum a kan babur da rana tsaka, ta ina zai ɓace? A ganina yawancinsu gaskiya suke faɗa. Ya duba, idonsa ya bi ta kanka, amma hankalinsa bai ɗauke ka ba. Wannan ba ya wanke shi daga laifi. Sai dai ko an yanke hukunci gaskiyarka ce, wanda za a kwasa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala kai ne, shi kuwa iyakarsa wajen mai gyaran jikin mota.

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. A 1981 wani masani a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Ya gano cewa a haɗurran da suka haɗa babur da wani abin hawa, kusan biyu cikin uku ɗaya direban ne ya shiga gaban mai babur. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Direban da ya zo mahaɗa leƙe ɗaya yake yi, kuma abin da idonsa ke nema shi ne abu mai faɗi wanda zai iya murƙushe shi. Babur siriri ne, ƙarfen nan da ke gefen gilashin gaba kaɗai ya isa ya rufe ka kai da shi. Ko ya hango ka, ƙaramin abu yakan yi wa ido kamar yana nesa kuma yana tafe a hankali, sai ya ɗauka zai iya shigewa kafin ka iso.

Mu a nan akwai ƙari. Tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ce ta gaje titi. Rumfarta ta fi mai babur tsayi da faɗi. Ka tsaya a ƙarƙashin gadar saman Titin Murtala Muhammad, tsakanin Wapa da 'Yan Kura zuwa Bata, ka yi kallo na ɗan lokaci. Baburan da za ka gani kusan duk a ɓoye suke tafiya, wannan a bayan ɗan sahu, wancan tsakanin bas da ginshiƙin gada, sai dai kawai ka ga sun ɓullo. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, magidanta da dama sun ajiye mota sun koma roba-roba, wasunsu rabonsu da babur tun suna samari.

Abu mafi araha shi ne fitila. Ka kunna ta da rana, ka bar ta a kunne. Na san abin da zai biyo baya: kowane ɗan'uwa mai son ka da alheri zai riƙa buɗe maka yatsu yana rufewa, wani ma ya ɗaga murya, "Malam, fitilarka a kunne take!" Ka ɗaga masa hannu ka wuce. Ai tun da har ya yi maka magana, ya gan ka ke nan, kuma abin da ake nema ke nan. Malesiya ta wajabta wa masu babur kunna fitila da rana a 1992, kuma binciken da aka yi bayan haka ya nuna haɗurran da ke da nasaba da rashin ganin mai babur sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj ɗin da muke hawa, tun watan Afrilun 2017 sabon babur da fitilarsa a kunne yake tashi, babu ma makunnin kashe ta. Masu cewa tana shan mai ko tana kashe batir su kwantar da hankali. Ƙwan fitilar ƙaramin babur bai cika wuce wat 35 ba, kuma a da yawa daga cikinsu daga koyil yake samun wuta. Man da zai ci bai kai wanda kake ƙonawa a danja ɗaya kana murza totur don nishaɗi ba.

Amma ƙaramin haske nake nufi, ba dogo ba. Dogon haske da dare yana kashe wa na gabanka ido, ya san akwai wani abu amma bai san nisansa ba, kuma mai keke ko mai baro da ke gefenka ya ɓace masa gaba ɗaya. Haka fararen ƙwayayen nan masu tsananin haske da samari ke sawa, da shuɗi da ja masu ƙyaftawa kamar wurin biki. Ba sa taimakon kowa. In ka sa sabon ƙwai, ka fuskanci bango da dare daga 'yar tazara, ka hau babur ɗin ka zauna. In hasken ya haura tsayin fitilar kanta a jikin bangon, to a idon mutane yake sauka, sai a sassauta noti a sunkuyar da ita.

Ta baya ita ce marainiya, domin mai ita ba ya ganinta. Sai ƙwai ya mutu wata da watanni mutum bai sani ba. Kafin ka fito da safe ka juya bayan babur ga bango ko ƙofar shago, ka taka birki, ka matsa na hannu, ka ga ko ja ya haska. In bai haska ba, sau da yawa ɗan makunnin da ke jikin birkin ƙafa ne ya saki ko ya yi tsatsa, aikin da mai gyaran waya zai gama kafin shayinka ya huce. Ka goge murfin da tsumma, domin ƙurar hunturu takan mai da ja ya koma ruwan ƙasa. Sai babbar matsalar 'yan kasuwa, wato kaya. Yaron shago ya ɗauro bandir ɗin shadda daga Kantin Kwari, ko katan-katan daga Singa, leda ta zubo ta rufe fitila da lamba baki ɗaya. Kayan sun fi babur faɗi, baƙar roba ce ta ɗaure su, ga magariba ta yi. Wanda ke binsa a baya duhu kawai yake gani. In ka gama ɗauri ka koma baya taku biyar ka duba da idonka. In kaya sun rufe fitila, ka lulluɓa musu rigar ƙyalli ta baya. Doka ta hana goyo a cikin birni, amma ido na gani ana yi, to wanda ya ɗauko iyali ya sani babbar riga da dogon hijabi suna rufe fitilar baya kamar yadda kaya ke yi, ga kuma haɗarin shiga taya. A tattare su kafin a tashi.

Batun sutura yana da ɗan sarƙaƙiya. Wani bincike da aka yi a birnin Auckland na New Zealand, aka buga a 2004, ya gano masu sa tufa mai ƙyalli ko mai ɗaukar ido haɗarin jin rauninsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100, masu farar hular kwano kuma ya yi ƙasa da kashi 24 idan aka gwada da masu baƙa. Saboda haka in za ka sayi hular kwano, ka sayi fara. Amma launi da abin da ke bayanka yake aiki. A Titin Faransa da rana, inda ko'ina ruwan ɗorawar adaidaita ne, riga ruwan ɗorawa sajewa take yi. Ruwan lemo mai haske ko kore shar ya fi fita. Farar shadda kuma, wadda ke taimako da dare, cikin hazon Disamba da Janairu narkewa take yi.

Da dare launi ba ya aiki sosai, sai zanen nan mai ruwan azurfa da ke mayar da hasken mota zuwa idon direba. A kasuwa akwai na gaske akwai na ado, kuma gane su ba wuya. Ka rataye rigar a wuri mai duhu, ka ja baya, ka kunna tocilan ɗin wayarka ka riƙe ta kusa da idonka. Na gaske zai haska fari fat, na bogi zai tsaya shiru. Na san magidanci da shadda da hula zanna zai ce shi ba ma'aikacin titi ba ne da zai sa wannan riga. To, a Kenya doka ce ga masu acaɓa, kuma ba ta rage wa kowa daraja ba. In dai girman kan ya hana, a sayi sitika mai ƙyalli a manna wa babur: ja a baya, fari a gaba, sannan a gefe biyu da bayan hular kwano. Gefen nan ne aka fi mantawa, alhali wanda ya fito daga lungu ta gefe yake ganinka, inda ba fitilar gaba ba ta baya.

Duk wannan sayayya ce. Abin da ya fi su muhimmanci ba a sayar da shi, shi ne inda kake ajiye kanka a kan titi. Fitila ba ta ratsa rumfar ɗan sahu. In ka manne a bayansa, wanda ke jiran tsallakawa zai ga sarari bayan sahun ya danno kai, kai kuma kana cikin sararin. Ka ja baya, ka karkata gefen da mai jira zai hango ka. Ja da bayan yana da wani amfanin, domin ɗan sahu da ya ga hannun fasinja ya riga ya tsaya kafin ya tuna da sigina.

Wurare biyu ne suka fi cin mutane: bakin layi da wurin juyawa. Layukan Sabon Gari a jere suke, mahaɗa bayan mahaɗa, kuma kusan kowace kwana akwai motar da aka ajiye ko rumfar mai sayarwa da ta tare gani. In ka hango mota ta leƙo hanci, ko mai tahowa ya rage gudu zai yanka hagu ta gabanka, ka sassauta, ka ɗora yatsu biyu a kan birki. Ka ɗan karkaɗa babur hagu da dama a cikin hannunka, kaɗan ba irin na 'yan wasa ba, domin abin da ya miƙo wa mutum kai tsaye kamar a tsaye yake, motsin gefe ne ke jan ido. Kada ka dogara da cewa kun haɗa ido da direba. Mutum yana iya kallonka hankalinsa na kan bas ɗin da ke bayanka, balle mai baƙin gilashi. Tayarsa ta gaba za ka kalla. In ta fara juyawa, ka ɗauka bai gan ka ba.

Manyan motoci kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce. In ba ka ganin fuskar direban tirela a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Gefen damansa, wato ɓangaren yaron mota, nan ne ya fi makanta, da kuma daf da hancin motar. Tirelar da za ta sha kwanar dama, kamar masu shiga Singa sauke kaya, sai ta fara buɗewa hagu, ta bar wani fili a dama mai jan rai. Kada ka shiga. Tayoyin baya ta nan za su bi. A danja ma kar ka kutsa ka tsaya a ƙarƙashin hancinta, ko dai ka wuce gaba sosai inda zai hango ka, ko ka haƙura a baya.

Lokaci ma yana da nasa. Tsakanin tashin kasuwa da kiran magariba, gari bai yi duhun da kowa zai kunna fitila ba, bai kuma yi hasken da za a ga juna sosai ba, ga kowa yana sauri, musamman da azumi ana tseren shan ruwa. Da hantsi ko la'asar sakaliya ka lura da inuwarka. In ta miƙe doguwa a gabanka, rana tana bayanka, kuma duk mai tahowa ko mai jiran shigowa ranar yake kallo, ba kai ba. Da damina gilashin mota yana yin gumi, madubin gefe ya jiƙe, wasu motocin ma abin share ruwansu ya daɗe da mutuwa.

Masu cire madubi don babur ya yi kyau su mayar da shi. Sigina ka kunna da wuri, ka kuma tuna ka kashe, domin siginar da aka manta ƙarya take yi wa na gabanka, ya shigo yana zaton za ka juya. Hon ɗaya gajere kafin ka wuce mota ya wadatar, mai dannawa ba ƙaƙƙautawa kunne ya daina jinsa. Wan-we kuwa ba sai na yi dogon bayani ba: babu direban da ke duba inda bai kamata abin hawa ya fito ba, ko da 'yan KAROTA ba sa kusa.

Iyayen gida na Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, ku da kuke aiken yara da babur kai kaya tasha, wannan nauyin a kanku yake. Yaro ba zai cire kuɗin abincinsa ya sayi ƙwan fitila ba. Ku sayi riga mai ƙyalli da farar hular kwano ku rataye tare da mukullin babur, duk wanda zai fita ya ɗauka. Ranar da ake canza baƙin mai kuma a ce wa bakanike ya duba fitila gaba da baya da sigina huɗu, a biya shi a wuri ɗaya.