Darasi: Zaɓen Sarƙar Keke

'Yan'uwa, keke shi ke kai albasarmu kasuwar Aliero da ta Jega, shi ke kai marar lafiya asibiti a Maiyama. In sarƙa ta tsinke tsakanin Birnin Malam da titi, an yi asarar yini guda. To, mu lura da waɗannan:

1. Faɗi. Keken da ba shi da giya, kamar Phoenix da Raleigh na dā, sarƙa mai faɗin 1/8 na inci yake so. Mai giya yana son siririya, 3/32. Mai faɗi takan maƙale tsakanin faifan giya, siririya kuwa ba ta zama a kan haƙora masu kauri.

2. Lalacewa. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne. Daga ƙusa ɗaya, ƙirga 24 gaba, ya kamata a sami inci 12 cif. In ya ƙaru da 1/16, canja sarƙa. In ya kai 1/8, haƙoran baya ma sun cinye, sai a canja su tare, domin sabuwar sarƙa tsalle take yi a kan tsofaffin haƙora.

3. Ran kasuwa, tafi da tsohuwar a gwada.

Tambaya: Yaushe ka auna taka?