Kafin Ka Yarda A Sauke Maka Inji

Ɗan'uwa mai mota, idan ka taka totur ka ji mota tana fizga, ko tana kakkarwa a tsaye, ko ta kasa hawan tudu, kada ka yi saurin yarda a sauke inji. Sau da yawa silinda ɗaya ce ba ta ƙona mai, kuma gyaran bai kai haka tsada ba.

Fara da mai sauƙi. Ciro filtar iska ka duba. Ƙurar hunturu kan toshe ta har inji ya shaƙe. Ka tuna kuma inda ka sha mai, domin fetur ɗin bumburutu yakan zo da ruwa ko datti.

Daga nan ka sa bakanike ya jona kwamfuta. Lambar P0301 tana nuna silinda ta ɗaya ce ke tsallake. A kwance fulogi: baƙi ƙirin ko jiƙe da mai alamar matsala ce. A musanya koyil da na wata silinda. Idan matsalar ta bi shi, shi ne mai laifin.

In fitilar inji tana ƙyaftawa, ka tsaya. Ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, ya lalata matatar hayaƙi, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne.