Kantin Turawa a Bakin Binuwai

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Wajen shekarar 1890, wani kamfanin Ingila mai suna Royal Niger Company ya buɗe kanti a can. A lokacin, jirgin ruwa yakan kawo gishiri da yadi, ya koma da hauren giwa. Daga baya aka ƙara da fatu da gyaɗa da auduga.

Amma jirgi ba ya isowa sai da damina, in kogi ya cika. Kayan da ya bari, sai baɗi.

Jamusawa sun ci Garwa a 1901. A 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta.

Tambayoyi
1. Me jirgi yakan kawo?
2. Don me ba ya zuwa da rani?