DARASIN LISSAFI: MILIYAN ƊAYA

A kasuwar Sabon Maci, ana ciniki da dala da jikka. Amma takardar banki da ta ƙungiya, da tamma ake rubuta su. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har a cuce su.

Ga yadda ake rubuta miliyan ɗaya: 1.000.000. Ɗaya ne, da sifiri shida a bayansa. A ƙirga sifirin da yatsa kafin a sa hannu a takarda. In sifiri biyar ne, dubu ɗari ce, ba miliyan ba. Sifiri ɗaya ya ɓace, kashi tara cikin goma na kuɗin sun ɓace tare da shi.

Tamma 5 dala ɗaya ce. Tamma 1.000 jikka ɗaya ce, wato dala 200. Ke nan miliyan ɗaya ta tamma jikka 1.000 ce, ko dala 200.000. In takardun jikka goma-goma ne, guda 100 za a ƙirga. Wanda ya ce zai ƙirga ta tamma-tamma, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, zai yi kwana 11 da rabi bai gama ba.

To, yaya miliyan take rabuwa?

A ce wata ƙungiyar manoma ta Sabon Maci ta sayar da wake, ta samu miliyan ɗaya. Ana son a raba wa unguwanni daidai wa daida.

Yara suna wasan "cika ko mara". Miliyan cika ce, don ta ƙare da sifiri. Unguwa 2, kowace jikka 500. Unguwa 4, jikka 250. Unguwa 5, jikka 200. Unguwa 8, jikka 125. Ba saura.

In unguwa 3 ce fa? Kowace ta samu jikka 333, jikka ɗaya ta yi saura. Ko an canza ta, rabon ba ya ƙarewa: tamma ɗaya tana nan zaune. In unguwa 7 ce, jikka 142, saura jikka 6. A irin wannan rabo ne ake fara zargin ma'aji, alhali ba laifinsa ba ne.

Dalili shi ne, da 2 da 5 kaɗai aka gina miliyan. Goma, 2 sau 5 ce. Miliyan kuwa, goma ce aka ninka da kanta: 10 × 10 × 10 × 10 × 10 × 10. Babu 3 a cikinta, babu 7. Lambobi 49 ne kawai suke raba ta ba saura, har da 1 da ita kanta.

Akwai dabara ta gane lambar da 3 take rabawa. A tara alƙalumanta. In jimlar ta rabu da 3, lambar ma za ta rabu. Na miliyan, jimlar 1 ce, ba ta rabuwa.

Wasu lambobi sun fi ta gardama. 1.000.003 ba ta rabuwa da kowace lamba, sai 1 da ita kanta.

Aiki: jikka nawa ƙungiyar za ta ƙara a kan jikka 1.000 don unguwa 3 su samu daidai? In unguwa 7 ce, nawa? A rubuta amsa a allo, a nuna wa malamin yaƙi da jahilci.